Sababbin Kayan Koyarwa Da Mudun Da Za A Auna Su

Ina neman izini in ɗan yi magana a kan kayan koyarwa na zamani, watau rediyo da majigi da kwamfuta da wayar hannu, waɗanda kullum ake gaya mana su ne za su gyara karatu. Ba jayayya zan yi da amfaninsu ba. Abin da nake nufi shi ne mu sami mudun da za mu riƙa auna kowane sabon abu da aka kawo mana cikin aji, domin kuɗin makaranta kaɗan ne, lokacin yaro kuwa ya fi kuɗin ƙaranci. In aka bar yaro ya yi shekara 6 yana kallon abubuwan mamaki, ya fita bai iya karanta wasiƙa ba, ba mai iya mayar masa da shekarun nan.

Mudun nan ba sai mun je nesa mun aro shi ba. Yana nan cikin birnin Kano, a zaurukan Madabo da na sauran unguwannin malamai, kuma yawancinmu da shi muka buɗe ido. Allo nake nufi. Ku tuna yadda aikinsa yake. Kowane yaro da nasa, da alƙalaminsa na kara, da 'yar tawadarsa. Ana iya samun yara masu yawa a zaure ɗaya, amma wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani kuwa ya yi nisa yana neman sauka, kowa da inda ƙarfinsa ya kai shi. Tun yaro yana ƙarami ake rubuta masa, har hannunsa ya nuna ya riƙa rubuta wa kansa. Ya kawo a duba, a biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa. Abin da ya fi duka kuwa shi ne, ba ya wanke allon nan sai malam ko wani gardi ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. Watau ba a wuce yaro, ba a kuma tsare shi domin wani.

Ba na cewa makarantar allo ba ta da abin gyara. Yaro yakan daɗe yana karanta abin da ba a fassara masa ba, bulala kuma takan yi yawa a hannun wanda bai san awonta ba. Amma dai in batun kayan aiki ake yi, allo ya cika sharuɗɗan da na'urori masu tsada suka kasa cikawa: yana sa hannun kowane yaro aiki, yana tafiya daidai da ƙarfinsa, yana kuma nuna wa malami inda ya tsaya. Da waɗannan nake so mu auna sauran. Har Turawan Ingila ma sun taɓa aron irin wannan dabara. Wani mai suna Andrew Bell ya ga yaran Indiya suna koyon rubutu a kan yashi a Madras, ya sa manyan yara su riƙa koya wa ƙanana, ya buga bayaninta cikin 1797, makarantun Ingila da yawa suka bi.

Sa'ad da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, irin karatun da ya zo da shi yana tafe da kayansa: babban allo, da alli, da taswira, da ajujuwa. Lalle an ƙaru. Malami ɗaya ya tsaya ya warware lissafi kowa na gani, ko ya nuna inda Kwara ta haɗu da Binuwai, abin da ƙaramin allo ba ya iyawa. Amma fa an yi hasarar wani abu ba a lura ba. Babban allo ɗaya ne, saboda haka tafiyar aji ta zama ɗaya. Mai hanzari ya gaji da jira, mai nauyin fahimta a bar shi baya, malami ya goge allo ko yaro ya gane ko bai gane ba. Muddin yara kaɗan ne abin da sauƙi. Amma tun da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa cikin 1976 ajujuwa suka cika, har ya zama ba abin mamaki ba ne a iske yara 100 gaban malami ɗaya. Ku yi lissafin da kanku: darasin minti 40, in za a raba wa yara 100, kowa daƙiƙa 24 zai samu.

A ganina, cikin sababbin kayan da suka shigo ƙasar nan ba wanda ya biya kuɗinsa kamar littafin Hausa. Cikin 1933 aka yi gasar rubuta labarai wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, cikin 1937 Magana Jari Ce ta Malam Abubakar Imam ta fara fita, cikin 1939 kuma aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Dalilin cin nasararsu a fili yake. Littafi ɗan'uwan allo ne: yaro ya riƙe shi a hannu, da harshen da yake ji, ya tsaya inda ya so, ya koma baya in ya so, ya kai gida ya karanta wa uwarsa.

Na'urori kuwa labarinsu ya sha bamban. Majigi ya zaga garuruwan Arewa yana nuna hotunan tsabta da noma, cikin 1944 kuma aka kafa lasifikokin rediyo a wuraren taruwar jama'a a Kano. Mutane suka yi ta tururuwa, aka ce ilmi ya zo. Can a Amurka tun cikin 1913 Thomas Edison ya yi zaton ba da daɗewa ba hoto mai motsi zai kori littattafai daga makarantu. Ga shi an wuce shekara 100, littafi na nan daram. Abin da ya faru a ƙasar Peru ya fi wannan ban tsoro ga mai riƙon kuɗin ilmi. Hukumar ƙasar ta sayi ƙananan kwamfutoci dubbai ta raba wa yara, kowa da tasa. Aka bincika makarantu 319 na ƙauye bayan wata 15, aka bayyana sakamako cikin 2012: yara sun iya sarrafa kwamfuta sarai, sun ɗan ƙaru wajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Kowane yaro ya sami allonsa, sai dai ba malamin da aka shirya ya ɗora masa ƙari, ya kuma saurari biyawarsa.

Kada wani ya ce ashe na'ura banza ce. A Nikaraguwa, daga 1974, an koyar da lissafi ta rediyo an kuwa ci riba, domin an canja yadda rediyon yake magana. Malamin cikin akwati ba lacca yake yi ba. Yakan yi tambaya, ya yi shiru, yara su amsa da ƙarfi, ko su rubuta, ko su ƙirga tsakuwa, sa'an nan ya faɗi amsa su duba tasu, malamin aji kuwa yana zagawa yana leƙa aikin kowa. Akwatin dai shi ne wanda ake jin labarai da shi, amma an sa shi ya bi ɗabi'ar allo. Mu ma nan da aka rufe makarantu cikin 2020 saboda annobar korona, ta rediyo da talabijin aka riƙa ba yaran Kano darasi, wanda ya lura kuwa ya san darasin da yaro ya saurara da fensir a hannu daban yake da wanda ya saurara yana kwance.

Akwai kuma wata dabara da ake kira sabuwa, wadda wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham ta yaɗa, aka fara gwada ta cikin 2019 a Wudil da Dawakin Tofa ga yaran aji 4 zuwa 6. Ga yadda take. Malami ya kira yara ɗaya ɗaya ya gwada su: wannan bai san baƙi ba, wannan ya san baƙi bai iya haɗa kalma ba, wancan yana karanta kalma, wancan kuwa yana karanta labari. Sai a raba su ƙungiya ƙungiya bisa ga inda kowa ya tsaya, ba bisa ga shekarunsa ko ajinsa ba, a ware wani lokaci kullum ana yi wa kowace ƙungiya abin da ya dace da ita. Kayan aikin ba su wuce alli da katin baƙaƙe da 'yan tsinkaye da ake ɗaurewa goma goma domin lissafi ba. Wanda ya ci gaba a ɗaga shi zuwa ƙungiya ta gaba. Duk wanda ya zauna gaban alaramma, da ya ji wannan bayani sai ya yi murmushi, don kuwa ya san ta tun ba ta je Indiya ba.

To, yanzu bari mu sauko kan abin da zai same mu ran da aka tura mu aji. Galibi ba kwamfuta za mu tarar ba, sai wayar da ke aljihunmu. A ce darasin labarin ƙasa ne, a kan birnin Kano. Tun da dare malami ya nemo hoton birnin da aka ɗauka daga sama, ya ajiye shi cikin waya, kada ya dogara ga intanet da safe. Da shiga aji kada ya fito da ita, domin in yara suka gan ta ba sauran mai jin maganarsa. Ya fara sa kowa ya zana a takardarsa inda yake zaton Dala take, da Goron Dutse, da kasuwar Kurmi, da gidan Sarki, da ƙofar da ta fi kusa da gidansu. Sa'an nan ya riƙa kiransu goma goma, kowace ƙungiya minti 2, su dubi hoton da tambaya guda a ransu: me na sa ba daidai ba? Su koma su gyara da hannunsu, saura suna ci gaba da zane. Cikin minti 20 yara 100 sun gani. Sauran lokacin a bi sawun ganuwa a babban allo, a gaya musu tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta, a tambaye su ina ne ta rushe a unguwarsu, da abin da aka gina a gurbinta. Kashegari malami ya karɓi takardun ya duba, domin nan ne zai san wanda ya gane gabas da yamma da wanda za a sake biya wa.

Haka in an sami majigi ko darasin rediyo. A rubuta tambaya biyu a allo kafin a kunna. Kada a bar shi ya yi ta zuba, a tsayar da shi in yana tsayuwa, a tambaya, a ci gaba. Hoton minti 5 da aka tattauna ya fi na awa guda da aka kalla baki buɗe. Kuma a yi hattara da yaran gaba, su ne kullum ke amsawa, sai malami ya ɗauka aji duka ya gane. A sa kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga sama, a dubi na baya tukuna.

Sauran abu ɗaya, shi ne wuta. Kowa ya san halinta a garin nan, ba ta sallama in za ta tafi. Duk darasin da aka shirya da na'ura a shirya masa na biyu da ba ya bukatarta. Mai darasin birnin nan ya kwafe taswirar a babbar takarda tun da dare ya naɗe ya zo da ita. In kuwa makarantar tana kusa, ya nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, ya sami wani malami ya taya shi tsaron yara, su hau Dala da sanyin safiya, kowa da takardarsa da fensirinsa.