Yadda Baƙo Zai Yanki Tikitin Jirgin Ƙasa Daga Kaduna

Kowa ya san Kaduna garin jirgin ƙasa ne tun asali. Layin dogo ya ratsa ta nan ya isa Kano cikin 1911, watau tun kafin Turawa su taso da hedkwatarsu daga Zungeru su dawo nan cikin 1917. Amma yankan tikiti na yanzu ba irin na kakanninmu ba ne. Mu da muke Kawo da Unguwar Sarki da Tudun Wada kullum muna saukar baƙi daga Maraɗi da Damagaram, saboda haka ya kamata mu san abin da za mu gaya musu.

Da farko baƙo ya san tashar da zai nufa. Jirgin Abuja ba daga tsohuwar tasha ta ƙetaren kogi yake tashi ba. Daga Rigasa yake tashi, can yamma da gari, ya bi ta Rijana da Jere da Kubwa ya tsaya a Idu. An buɗe wannan layi cikin Yuli 2016, tsawonsa kilomita 186, tafiyar kuwa takan ɗauki fiye da awa biyu. Wanda duk ya ce wa mai Keke "kai ni tashar jirgi" kawai, to, kada ya yi mamakin inda zai ga kansa.

Sai batun tikitin kansa. A shekarun farko sai mutum ya yi sammako ya shiga layi gaban taga. Daga nan 'yan bumburutu suka sami kasuwa, su saye tikiti da yawa su ɓoye, in ya ƙare su sayar da tsada. Cikin Janairu 2021 aka fara sayarwa ta intanet. Mutum zai buɗe shafin Hukumar Jiragen Ƙasa a wayarsa, ya rubuta sunansa, ya zaɓi rana da lokaci da tarago, ko faskila ko gama-gari, ya biya da katin banki. Nan take za a aiko masa da tikiti ɗauke da lambar kujerarsa. Kujerun sukan ƙare da wuri, musamman gab da salla.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne shaida. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka kai wa jirgin hari kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da waɗansu daji har watanni. Jirgi bai sake tafiya ba sai 5 ga Disamba. Da ya dawo aka ce sai fasinja ya ba da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, sunan da ke kan tikiti kuma ya dace da na mai shi. Baƙon wata ƙasa ba shi da wannan lamba, saboda haka fasfonsa ne shaidarsa, kada ya rabu da shi.

Wani hutu kawuna ya zo daga Maraɗi zai tafi Abuja ganin likita. Katin bankinsa na can bai yi aiki ba, sai wani dillali a bakin tasha ya sayar masa da tikiti ninki biyu. Da aka zo bincike aka ga sunan wani ne daban, aka mayar da shi. Ya yi asarar kuɗinsa, ranar likita kuma ta wuce sai da ya jira mako biyu. Da ya gaya wa babana tun da dare, da an yankar masa da sunansa ya biya a hannu. A ganina wannan aikin mai masauki ne, gama baƙo ko da idonsa makaho ne.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. Jirgin da ke tsakanin Makka da Madina, wanda aka buɗe cikin 2018, shi ma lambar fasfo yake tambayar baƙo kafin ya ba shi kujera. Alhazanmu na iya shaida wannan.

Ranar tafiya a cika wa waya caji, domin a cikinta tikitin yake, a kuma bar gida da wuri, gama hanyar Rigasa ta Bakin Ruwa takan cushe da safe.