YADDA AKE AUNA WAƘA

Waƙa kamar ginin ɗaki take. In magini ya jera tubali ba daidai ba, bango ya karkace. Haka kuma in mai waƙa ya jera kalmomi ba bisa awo ba, sai waƙar ta ƙi reruwa, ta yi wuyar haddacewa. Ga wani baiti da za a auna:

Ruwa ya zubo yau, manoma ku tashi,
Ku nomo hatsi don ku tsere wa bashi.

Kowane layi sunansa ɗango. Ɗango biyu ne suka haɗu suka yi wannan baiti, don haka ana ce da irin wannan waƙa ƙwar biyu. In da ɗango biyar ne, sai a ce ƙwar biyar.

Ɗango na fari ya ƙare da *shi*, na biyu ma da *shi*. Wannan shi ne amsa-amo, gama ɗaya yana amsa muryar ɗaya.

Amma abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kari. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne. Akwai gajeriya, kamar *ru* a cikin *ruwa*. Akwai doguwa, wadda ake ja ko ta ƙare da baƙi, kamar *wa* ko *don*. In yaro ya rera baitin nan yana tafi, zai ji haka:

ru-wa-ya / zu-bo-yau / ma-no-ma / ku-ta-shi

Gajeriya ɗaya, dogaye biyu, har sau huɗu, gaɓa 12 ke nan. Gaɓar ƙarshen ɗango kuwa kullum ana lissafa ta doguwa. Wannan kari sunansa Mutaƙarab. Ilmin awon nan ana kiransa aruli, kuma wani malamin Basra, Halilu ɗan Ahmadu, shi ya tsara shi a ƙarni na 8. Daga Larabci malamanmu suka ɗauko shi.

To, a cire *hatsi* a sa *gero*. Ma'ana ba ta ɓaci ba, amsa-amo yana nan, yawan gaɓoɓi bai sake ba. Amma harshe zai yi tuntuɓe, domin *ge* doguwa ce ta zauna a mazaunin gajeriya. Kari ya karye. Ashe ba a ƙirga gaɓa kawai, sai an auna ta.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin ɗango da baiti?
2. Raba ɗango na biyu gaɓa-gaɓa.
3. Wace kalma za ta iya maye gurbin *hatsi* ba tare da kari ya karye ba, *wake* ko *gyaɗa*?