Darasi: Rubuta abin da ka yarda da shi a shafi ɗaya

Mu masu fassara a ofishin kariya aikinmu sauraro ne. Tun da aka buɗe Minawao a 2013, jama'a ke zama gaban jami'ai suna faɗin ranar da suka bar Gwoza ko Banki, da hanyar da suka bi, da waɗanda suka rasa. Wancan labarin na fayil ne. Rubutun wannan darasi daban yake: ba abin da ya same ka ake nema ba, abin da ka riƙe a zuciya ne har yau. Ba ya shiga fayil, ba ya ƙara ko rage rabon abinci, kuma bai shafi katinka ba.

Ka zaɓi abu ɗaya tak. Da yawa za su fara da cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Gaskiya ne, amma duk sansanin nan ba mai musun haka, don haka bai gaya mana komai game da kai ba. Ka sauko ƙasa. "Na yarda bashi a biya shi ko da mai shi ya rasu." "Na yarda yarinya ta gama makaranta kafin aure." Ga yadda za ka gane ka samu naka: ka tambayi kanka ko riƙe shi ya taɓa jawo maka asara, ko yunwa, ko fushin dangi. In bai taɓa ba, ƙara nema.

Daga nan sai ka kawo rana ɗaya da aka gwada ka a kai. Nan ne ƙarfin rubutun yake. A ce wata mata maƙwabciyarta ta ba ta ajiyar kuɗi kafin gudu, suka rabu a daji. Ba sai ta rubuta "ni mai amana ce" ba. Ta rubuta yadda ta ƙulle kuɗin a bakin zani, da makon da gari ya ƙare kafin ranar rabo, yara suna kuka, hannunta ya kai kan ƙullin har sau biyu ta janye. Ta faɗi kuma abin da zuciyarta ta raya mata a lokacin, ko da ba mai daɗin ji ba ne. Mai karatu zai ga amanar da kansa. A ganinmu, rubutun da mai shi bai taɓa yin kokwanto ba wa'azi ne, kuma masu wa'azi ba su yi mana ƙaranci ba.

Kalmomi 300 zuwa 400 sun isa. Ka karanta da ƙarfi; inda harshenka ya sarƙe, gyara wurin. Hausa, Kanuri, Glavda, Mafa ko Turanci, boko ko ajami, duk daidai ne. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa ɗansa ya rubuta, amma ɗan kada ya ƙawata maganar. Dokar aikinmu ke nan mu ma: abin da aka faɗa, shi ake isarwa.

A kula da wannan sosai. Takarda tana zuwa inda mai ita bai je ba. Tun bayan yarjejeniyar da Kamaru da Nijeriya da UNHCR suka sa wa hannu a 2017, wasu sun koma gida, wasu kuma suna da 'yan'uwa a can. Kada ka sa sunan kowa, ko unguwa, ko wata alama da za a gane mutum da ita. "Maƙwabciyata" ya wadatar. Kuma Musulmi da Kirista layin famfo ɗaya muke bi. Ka rubuta abin da ka riƙe, ka bar aibin addinin wani.

In rubutun ya tayar maka da abin da ya hana ka barci, ajiye biro. Ka zo ofishin kariya, za a haɗa ka da masu ba da shawara, cikin sirri, da harshenka.