Darasi: Kafin Mu Sa Hannu a Yarjejeniya da Asibiti

'Yan'uwa, ƙungiyoyinmu da dama a ƙauyukan Illela suna so su riƙa tara kuɗin jinya, sa'an nan su ƙulla yarjejeniya da asibiti ɗaya. Bari mu fara duba yadda gwamnati ta tsara nata.

A 2005 aka fara inshorar lafiya ta NHIS, wadda dokar 2022 ta mai da ita NHIA. A wannan tsari, kamfanin da ake kira HMO shi ne ɗan tsakani. Yakan biya asibiti kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta, wata-wata, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. A 2012 kuɗin ya zama naira 750. Ke nan a wancan lokacin asibiti mai mutum 200 yakan karɓi naira 150,000 a wata.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin Satumba daidai yake da na Janairu, amma da damina zazzaɓin cizon sauro yakan cika benci da yara. Idan muka matsa wa likitoci har suka sallama da araha, kamar muna cinikin sa a kasuwar Illela, asarar ba za ta tsaya a kansu ba. Ranar da muka kai yaro za mu ji, "Magani ya ƙare, sai a sayo a kemis." A ganinmu gara mu ƙara wani abu, su kuma su rubuta cewa maganin zazzaɓi ba zai yanke ba.

A rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, ɗaya bayan ɗaya. Awon ciki da haihuwa suna ciki? Tiyata da ƙarin jini fa? A sa ranar biya, mu kuma cika ta, gama jinkirin biya yana cikin manyan kukan da asibitoci suka yi da kamfanonin HMO. A kuma yarda za a sake zama kowace shekara, tun da mun ga yadda magani ya yi tsada bayan faɗuwar naira a 2023.

Mu mazauna bakin iyaka muna da wata tambaya tamu. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin, aka tura mu Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wa zai biya mota? Da yawanmu kuma mukan tsallaka Ƙwanni ko Galmi. Kuɗin can ba ya cikin yarjejeniyar, sai a faɗa wa kowa wannan tun kafin ya ba da sisinsa.