Darasi na 18: Kyanwa Ruwa-Biyu

A garin Garu, kusa da Bawku, a arewacin Gana, gidaje da yawa suna da kyanwa. Wasu suna ce mata mage, wasu mussa. Tana tsare rumbun gero da dawa daga ɓeraye.

Kyanwa tana da 'yar uwa a daji, wadda ake kira “serval” da Faransanci. Tana zama cikin doguwar ciyawa kusa da ruwa, a ƙasashen Afirka da dama. Ƙafafunta dogaye ne, kunnuwanta manya. Da su take jin motsin ɓera tun ba ta gan shi ba, sai ta yi tsalle ta dira a kansa.

A shekarar 1986, a ƙasar Amurka, wata kyanwar gida ta haihu da namijin serval. Aka raɗa wa 'yar suna Savannah, wato dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, irin na Garu da Yendi. Daga baya sunan ya bi irin gaba ɗaya.

Savannah ta ɗauko siffar ubanta. Siririya ce, doguwa, ta fi sauran kyanwoyin gida tsawo. Gashinta rawaya-rawaya ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Kanta ƙarami ne, kunnuwanta a tsaye. Tana iya tsalle fiye da mita 2, wato katangar gida ba ta tsare ta.

Amma tana son mutane. Takan bi mai ita duk inda ya sa ƙafa, kamar kare. In an jefa mata abin wasa, takan ɗauko ta kawo. Har wasa da ruwa take yi, abin da magen gida ba ta so ko kaɗan! Sai dai in ba ta saba da mutane tun tana ƙarama ba, takan ɓuya in ta ga baƙo.

Jaki da goɗiya suna haifar alfadari, shi kuwa alfadari ba ya haihuwa. Haka mazan Savannah na farko-farko suke. Shi ya sa take da tsada ƙwarai.

Jinin farauta bai bar ta ba. A gidan da ake kiwon 'yan tsaki da 'ya'yan zabi, za ta yi ɓarna. A shekarar 2008 ƙasar Ostareliya ta hana shiga da ita, don kada ta cinye ƙananan namun dajin ƙasar.

Sababbin kalmomi
kyanwa: le chat
ɓera: la souris
rumbu: le grenier
alfadari: le mulet

Tambayoyi
1. Wane aiki kyanwa take yi a gidajen Garu?
2. Me Savannah ta gada daga ubanta?
3. Don me Ostareliya ta hana shiga da ita?

Aiki
Ku lura da magen gidanku, ku rubuta jimla uku game da halinta.