Yadda Ake Taƙaita Rubutu Da Ƙirgen Kalmomi A PHP

Idan ka buɗe shafin labarai a wayarka, za ka ga 'yan layuka a ƙarƙashin kowane kanu, sannan ɗigo uku. Manhajar shafin ce ke yanko su daga cikakken labarin.

Sabbin masu koyon PHP sukan yi wannan aiki da substr, su yanke a harafi na 100. Matsalar ita ce substr bayit take ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin UTF-8 kuwa, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu bayit 2 ne. Idan yankan ya faɗa tsakiyar ɗaya, alamar � mai karatu zai gani. Ko ka koma mb_substr, kalma na iya tsinkewa: "matashi" ya zama "mata", labari ya canza.

Mafita ita ce ka ƙirga kalmomi:

$kalmomi = preg_split('/\s+/u', trim(strip_tags($rubutu)));
$guntu = implode(' ', array_slice($kalmomi, 0, 30));

Layin farko yana cire alamomin HTML, ya raba rubutun a duk inda aka bar tazara. Na biyu yana ɗaukar kalmomi 30 na farko ya sake haɗa su. Kada ka saka ɗigo uku sai count($kalmomi) ta wuce 30.

Idan da WordPress kake aiki, wp_trim_words($rubutu, 30) ta wadatar. In ba ka ba ta adadi ba, kalmomi 55 za ta ɗauka.

Kafin ka ɗora, gwada da jimla mai cike da ƙ da ɗ, ka duba a waya.