Darasin Lafiya: Mai Ciwon Asma da Mura Mai Tsanani

'Yan'uwa, a darasinmu na wannan wata za mu dubi tambayar da ta dami iyalai da yawa: idan mai ciwon asma, wato fuka, ya kamu da cutar numfashi mai tsanani, shin ransa ya fi na sauran mutane shiga haɗari?

Da farko mu sani cewa asma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda takan tashi domin jiki bai jitu da wani abu ba, kamar ƙura, gashin kyanwa ko wani abinci. Wannan rashin jituwa shi likitoci ke kira alaji.

A annobar murar H1N1 ta shekarar 2009, asma ce ciwon da aka fi samu a jikin waɗanda aka kwantar a asibitocin Amurka. Saboda haka, sa'ad da korona ta ɓarke a 2020, aka ji wa masu asma tsoro ƙwarai. Amma a shekarar nan masana a Amurka suka gano cewa ƙofar da ƙwayar korona ke bi ta shiga jiki, wadda ake kira ACE2, ba ta da yawa a hanyar numfashin masu asma irin ta alaji.

Duk da haka, wani bincike a Ingila a 2020, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 17, ya nuna cewa masu asma mai tsanani, waɗanda ba da jimawa ba sai da aka ba su ƙwayoyin sitirod, sun fi fuskantar haɗarin mutuwa. Ashe babban haɗarin yana wurin asmar da ba a shawo kanta ba.

Me za mu koya?

1. Kada mai asma ya bar maganin shaƙar da likita ya rubuta masa don ya ji sauƙi.
2. A lokacin hunturu, a rufe hanci daga ƙura, a kuma nisanci hayaƙin itace.
3. Idan numfashi ya yi wuya har magana ta gagara, ko leɓuna suka sāke launi, a kai shi asibiti nan take.

Tambaya domin tattaunawa: Wane ne mai asma a gidanmu ko maƙwabtanmu, kuma yana da maganinsa a hannu?